Daga Baiko Zuwa Rigar Amarya: Sharhi a Kan Yadda Littattafanmu Suke Bayyana Shirin Aure, da Misali Daga Ka'oje

Shekarun baya kaɗan, ina cikin duba takardun jarrabawar 'yan aji biyu a darasin al'adun Hausawa, sai na ci karo da wata amsa wadda ta ɓata mini rai. Tambayar da na yi ita ce wadda kowane malamin Hausa ya saba yi, watau a kawo matakan neman aure a ƙasar Hausa tun daga farko har zuwa tarewa. Kusan dukkan ɗalibai sun jero abin da ake bukata: na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, baiko, sa rana, lefe, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, sayen baki, buɗar kai. Shi kuwa wannan ɗalibi, mutumin ƙasar Ka'oje, sai ya kawo zancen wani bajimi da aka yanka tun yarinya ba ta isa aure ba, da saniyar da aka nuna a garke aka ce ita ce sadaki, da tafiyar da gwaggonninsa suka yi zuwa hayin iyaka don sayen zannuwa da kuɗin sefa, da wata doguwar riga da aka karɓo haya aka mayar bayan biki. Na ba shi maki kaɗan, na kuma rubuta a gefen takarda cewa ya koma ya karanta littafi. Da sakamako ya fito sai ya same ni a ofis, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni armen da anka yi gidanmu shi nir rubuta." Ban sami abin da zan ce masa ba a lokacin. Wannan maƙala ita ce amsar da ya kamata in ba shi, kuma rabinta amsa laifi ne.

Littattafan da muka dogara da su wajen koyar da wannan fanni sanannu ne. Akwai Hausa Customs na Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1968, akwai kuma Zaman Hausawa na Habib Alhassan da Usman Ibrahim Musa da Rabi'u Muhammad Zarruƙ, wanda ya fito a 1982, sai kuma ɗimbin littattafan sakandare da kundayen digiri waɗanda suka bi sawunsu. Ba a raina aikin waɗannan magabata. Sun rubuta ne a lokacin da ake fafutukar ganin an karɓi Hausa a matsayin fannin ilmi, ana bukatar abin da malami zai riƙe a hannu ya shiga aji da shi, kuma sun samar da shi. Abubuwa da yawa da suka tsince, da yanzu sun bi iska. Inda matsala take shi ne siffar da bayanin ya ɗauka a hannunmu, mu da muka gaje su. Shirin aure ya zama wani tsani mai ƙididdigaggun matakai, wanda ake hawa iri ɗaya daga Daura har Yawuri, jiya da yau.

Asalin wannan siffa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, aikin da masana suka fi mayar da hankali a kai shi ne daidaita harshe, aka ɗauki karin Kano a matsayin ginshiƙi, Zariya kuma ta zama gidan ɗab'i. Wannan daidai ne, don kuwa rubutu ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida guda. Amma da aka juyo kan al'ada sai aka zo mata da wannan ma'auni, aka yi mata daidaitacciyar siga kamar yadda aka yi wa harshe. Basakkwace ya yarda ya rubuta "aure" ko da yake "arme" yake faɗi, bai yi asarar kome ba. In kuwa aka ce ya rubuta bikin Kano a matsayin bikin gidansu, to, an sa shi faɗin abin da bai faru ba.

Duk wanda ya karanta irin waɗannan bayanai da idon nahawu zai lura da wata 'yar kalma da take ɗauke da nauyinsu duka, ita ce "akan". Akan kai kuɗi, akan raba goro, akan sa yarinya a lalle. A cikin wannan kalma an haɗa wakilin sunan nan "a", wanda ba ya fayyace mai aiki, da lokaci sabau, wanda ba ya fayyace ranar aiki. Da zarar marubuci ya kama ta, ya kuɓuta daga tambayoyi uku: wa ya yi, a ina, yaushe? Ba za a iya ƙaryata shi ba, domin bai ambaci wani aure guda da za a je a bincika ba. Ba za a kuma iya gina tarihi a kan maganarsa ba, saboda wannan dalili dai.

A gwada wannan da labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ba ta zo da niyyar koyar da al'ada ba. Labarin aurarrakinta da na 'yan'uwanta da ƙawayenta take bayarwa, tana faɗin wanda ya nema, da wanda ya kai kaya, da wadda ta yi kuka ta gudu, da abin da aka bayar na wuri a zamanin da wuri yake kuɗi. Harshenta na "aka yi" ne da "muka tafi". Saboda haka mai karatu yana iya ganin yadda auren farko, wanda iyaye suka ƙulla mata da ɗan'uwanta, ya bambanta da waɗanda ta yi daga baya da ra'ayin kanta. Abin lura kuma, wannan tsohuwa da duniya ta sani a matsayin madubin matar Bahaushe, da bakinta ta ce kakanninta Barebari ne. Haka nan littafin Barbara Cooper, Marriage in Maradi, na 1997, wanda ya bi auren Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ya nuna cewa musayar kayan biki tana da tarihi, tana sauyawa tare da kasuwa da mulki, kuma abin da dangin amarya suke kashewa wajen kayan ɗaki da tukwici ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake maza ba su cika lissafa shi ba in suna kukan tsadar aure. Abin kunya ne a ce waɗannan littattafai biyu, waɗanda baƙi suka fitar, sun fi namu faɗin gari da shekara.

Ka'oje a Matsayin Ma'auni

Ka'oje tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kabi, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991. Garin yana hayin kogin Kwara, a ɓangaren Bargu, ƙarƙashin masarautar Gwandu, kuma sarautarsa ma Sarkin Bargu ake ce mata. Fulani ne suka fi suna da garin, amma yankin ya tara Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, ga kuma 'yan kasuwa Yarbawa. Hausa ce harshen da yake haɗa su a kasuwa da tasha. Yamma da nan Jamhuriyar Benin ce: ta Tsamiya ake fita zuwa Segbana da Kandi, ta wajen Illo da Lolo kuma a nufi Malanbil. Wannan iyaka ba tsohuwa ba ce. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris a watan Yunin 1898 ita ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu, kuma har yau auratayya ba ta san da wannan layi ba.

Wani zai ce, ai kuwa ka kawo hujja a kan kanka, tun da wannan wuri ba tsakiyar ƙasar Hausa ba ne, ɗalibin ma Bafillace ne, don haka bikinsu ba ya cikin abin da aka tambaya. Wannan magana tana da ƙarfi, amma sai a tuna cewa mafi yawan masu magana da Hausa a yau haka suke, mutane ne da suka shigo harshen da al'adar ta ƙofofi daban-daban. Mahdi Adamu ya nuna a littafinsa na 1978 cewa Hausanci abu ne mai yaɗuwa yana haɗiye mutane ta hanyar fatauci da zama tare. Idan muka ce sai wanda kakanninsa suka fito daga Hausa Bakwai ne bikinsa zai shiga littafi, to, Baba ta Karo ma sai mu fitar da ita, mu kuma fitar da gidajen sarautar Kano da Katsina da Zazzau.

Sa'an nan akwai wani abu da tsanin nan yake cakuɗawa wanda bakin iyaka yake rarrabewa sarai, watau abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada ta ɗora. Aure a mazhabar Malikiyya yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Wannan shi ne abin da Bahaushe da Bafillace da Badande Musulmi suka yi tarayya a kansa, ko a Ka'oje ko a Kandi. Duk sauran, daga toshi har gara, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bafillacen daji yana da koowgal, auren da iyaye suke ƙullawa da yankan sa, sau da yawa tsakanin 'yan'uwa, kuma sadakinsa saniya ce mai rai wadda za ta zama dukiyar matar, ta haihu a garke, 'ya'yanta su zama nata. Ɗan kasuwar cikin gari kuwa kuɗi yake ƙirgawa a gaban shaidu. In aka jera "baiko" a matsayin mataki na uku ga duka biyun, an ɓoye bambanci mai girma: a wajen ɗaya alkawari ne da yake iya daɗewa shekaru, a wajen ɗayan kuwa 'yan watanni ne kafin sa rana.

Ko goron da ake rabawa a wajen baiko da ɗaurin aure, wanda littattafanmu suke ambata kamar a bayan gida yake tsirowa, baƙo ne. A da, daga dazuzzukan Asante fatake suke ɗauko shi ta kasuwannin Gwanja, su ratsa Bargu, su haye Kwara, ɗaya daga cikin mashigan kuwa ta wajen Illo take, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. Ashe ke nan wannan yanki da muke ɗauka gefe ne, ta nan abin da yake ƙulla auren Kano yake bi a wancan zamani.

Lefe

A nan ne ya kamata a daɗe, don kuwa babu inda rashin tarihi ya fi yi wa bayaninmu illa kamar zancen lefe. Ita kalmar kanta tarihi ce. Lefe asalinsa ɗan kwando ne na kaba, ƙamusun Bargery na 1934 ya san shi da wannan ma'ana. A cikinsa ake shirya 'yan zannuwan da ango zai kai, sai sunan mazubi ya koma kan abin da aka zuba. Mazubin ya yi ta sauyawa, aka yi zamanin adudu, aka yi na kwalla da fantimoti, har aka zo ga jerin akwatuna masu taya, babba da ƙanana, amma suna bai sauya ba. A Nijar ma, inda Faransanci ya yi tasiri, sunan akwati na wancan harshe ne ya zauna wa kayan a bakin mutane da yawa. Ɗalibin da aka koya wa cewa "akan kai lefe" bai san cewa yana faɗin sunan wani kwando da bai taɓa gani ba.

Abin da ke ciki ya fi mazubin sauyawa. A zamanin kakanni, zanen amarya aikin gida ne ko na maƙwabta: mata su kaɗa auduga, masaƙa su saƙa, marina su rina. Akwai saƙi da bunu da dunhu da gwado, akwai barage mai ratsin alharini, wanda shi ma ta hamada ake kawo shi daga Tarabulus, akwai kuma tsamiya, zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa, mai tsada ƙwarai. (Sunan ya yi daidai da na garin iyakar da na ambata, inda yanzu zanen wata duniya yake ratsowa.) Daga baya akoko da alawayyo suka shigo da kantunan Turawa, sa'an nan atamfa ta zo ta mamaye kome.

Yau in aka ce "kayan gargajiya" a gidan biki, atamfa ake nufi da shadda da leshi. To, atamfa dabarar rini ce ta mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya, wadda Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, suka sami kasuwarta a gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco, mai atamfar da mata suke kira Holan, a garin Helmond yake, kuma tun 1846 aka kafa shi. Shaddar da ta fi daraja, Getzner, daga Ostiriya take zuwa, leshi mai tsada kuma daga can ko daga Suwizalan. An yi zamanin da Arewa take buga nata zane: masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, har atamfar gida ta sami gurbi a cikin lefen talaka. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, atamfar ƙasar Sin mai araha ta cike gurbin. Shekaru da yawa gwamnatin Nijeriya tana hana shigo da zane ko tana tsawwala masa haraji, wannan ya sa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama babbar ƙofarsa, kaya su sauka a can, su hauro arewacin Benin da Nijar, su ɓullo Kantin Kwari ta hanyoyin da kowa ya sani.

Ga mutumin Ka'oje wannan ba labarin jarida ba ne. Turmin atamfa yana iya riskarsa ta gabas, daga Kano ta Jega, ko ta yamma, daga kasuwannin Benin, kuma wadda za ta haɗa lefe sai ta auna hanyoyin biyu. Abin da yake yanke hukunci shi ne canji. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa ta sha faɗuwa tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ta sake faɗuwa ƙwarai bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. A 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, mai naira ne ya ji daɗin hayin iyaka. Bayan 2023 abin ya juye. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020, ta Kamba ma sai Afrilun 2022. Duk wanda aka sa wa rana a wannan tsakani a ƙasar Bagudo, lefensa ya ji a jikinsa. Wane littafin al'ada ne zai taimaki ɗalibi ya fahimci cewa yawan zannuwan da aka kai wa yayarsa yana da alaƙa da shawarar da aka yanke a Abuja ko a Faris? Mun bar wannan ga masana tattalin arziki, su kuwa ba su san lefe ba.

Wani abu da bayanin "akan kai" yake rufewa shi ne cewa lefe hukunci ne. Mata ne suke haɗa shi, mata suke kai shi, mata suke buɗe shi a gaban mata, a ɗaga kowane zane a faɗi sunansa, a san na sama da na cike akwati. Ango yana iya biya, amma ba ya wurin da ake yanke masa daraja. A nan ake ɗaga gida ko a kunyata shi, a nan ma wani auren yake mutuwa tun ba a ɗaura ba. Kuma zanen da aka kai ajiya ne. Mace takan bar wasu turame ba ta ɗinka ba, ranar da ciwo ya zo ko fari ya yi, ta fitar da ɗaya ta ba dillaliya. Ta wannan fuska turmin Holan ɗan'uwan saniyar sadaki ne, dukiya ce da take hannun mace, wadda miji ba shi da iko da ita.

Rigar Amarya

"Rigar amarya" sabon zance ne a Hausa, domin ita rigar ma ba ta daɗe a jikin matan Hausa ba. Suturar mace zane ce da mayafi da kallabi, ɗinki kuwa na rigunan maza ne. Sai a ƙarni na 20, da keken ɗinki ya yaɗu, riga da zane suka zama kayan kowace mace. Bugu da ƙari, amaryar da ba abar kallo ba ce a ranar bikinta. Tun daga kamu take lulluɓe, tana cikin ƙawaye a ƙuryar ɗaki, da tsofaffin zannuwan lalle a jikinta, ana sa ran ta yi kuka ko da tana so. Da dare ake kai ta, fuska a rufe, shi ya sa ma ake da sayen baki da buɗar kai. Wadda ba za a gani ba, me za ta zaɓa?

Farar doguwar riga kuwa an san mafarinta. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa farar riga ranar aurenta, 10 ga Fabrairun 1840, masu hali na Turai suka ɗauka, 'yan mishan suka kawo ta coci-cocin Afirka, daga baya hoto da fim suka kai ta inda coci bai kai ba. Masu wa'azi da masu rubutu a jaridu sun daɗe suna sukar ta da sunan baƙuwar al'ada, kuma mu malaman Hausa mun bi su da amin. A ganina wannan suka ta kama reshe. In baƙunci ne laifi, to, lafaya daga Barno da Sudan ta zo, dilka da zanen lalle na zamani ma haka, ashoke da gwaggwaro da anko daga ƙasar Yarbawa, atamfa kuwa mun ga asalinta. Bahaushe bai taɓa ƙyamar zane don ya zo daga nesa ba, nisan ma shi yake ƙara masa daraja. Kuma telolin Arewa sun riga sun hausantar da rigar: an sa mata dogon hannu, an rufe wuya, an ɗora mayafi, sau da yawa ma ba fara ba ce.

Sabon abu na haƙiƙa guda biyu ne, kuma ban ga inda aka tattauna su yadda ya kamata ba. Na farko, amarya ta fito daga lulluɓi ta hau kujera a gaban jama'a da na'urar ɗaukar hoto, ita ce kuma take zaɓar abin da za a gan ta da shi. Takan nuna wa tela hoto a waya ta ce irin wannan take so. Gwaggo da inna, waɗanda a da su ne masu faɗa a ji a kan kowane ƙyalle, sun koma masu biyan kuɗi. Ko mutum ya so wannan ko ya ƙi, sauyi ne a kan wanda yake da iko da jikin yarinya a ranar aurenta, kuma ya fi launin riga muhimmanci nesa. Na biyu, wannan ita ce sutura ta farko a tarihin bikinmu da ake yi don yini ɗaya. Ba a zuwa suna da ita, ba a zuwa kasuwa, dillaliya ba ta karɓarta da daraja. Shi ya sa sana'ar ba da haya ta tsiro a kanta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, ga shi yau amarya tana shiga hoton da za a rataye a ɗakinta har tsufa da rigar da za a mayar wa mai ita jibi. Kuɗin da ya tafi a nan ya fita daga ajiyar mace ya shiga hoto. Wannan ita ce sukar da take da tushe, kuma ba ta bukatar a zagi Turawa.

Adabi ya riga littattafan makaranta ganin wasu daga cikin waɗannan abubuwa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, na 1980, a kan budurwa Bafillatana yake wadda ta zaɓi wanda ba nata ba, watau dai matsalar da wuri irin Ka'oje ya sani tun da daɗewa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya sa dukiya da so a kan sikeli ɗaya. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya fi su ɗaci, don ya nuna yarinyar da aka cire daga makaranta aka shirya mata aure ba da ita ba. Amma yawancin littattafan soyayya da suka biyo baya, da finafinan Kano tun daga Turmin Danya na 1990, sun faɗa wani ramin. Sukan ƙirga akwatuna su lissafa sunayen leshi shafi guda, ba tare da faɗin gonar da aka jinginar ko san da aka sayar ba. Bikinsu na masu kuɗin birni ne. Littafin makaranta ya ba mu biki marar gari, fim kuma ya ba mu bikin unguwa ɗaya ya ce na kowa ne. Yarinyar ƙauyen Bagudo tana kallon na biyun a waya, ƙanenta yana haddace na farkon don jarrabawa, babu ɗaya da yake magana a kan gidansu.

Tun daga waccan shekara na sauya tambayata. Yanzu nakan ce wa ɗalibi ya bayyana wani aure guda da ya halarta, ya faɗi gari da shekara, da harshen da ake yi a gidajen biyu, da wanda ya sayi kowane kaya da inda ya saye shi, sa'an nan ya gwada da abin da littafi ya ce. Duba irin waɗannan takardu ya fi wuya, don babu jerin amsa da zan ɗora a gefe, kuma wasu abokan aiki suna ganin na buɗe ƙofar da kowa zai rubuta abin da ya ga dama. Suna da gaskiya ta wani ɓangare: ɗalibin da bai san tsanin ba ba zai iya gane inda garinsu ya saɓa masa ba, saboda haka har yanzu ina koyar da shi, sai dai nakan faɗi inda aka samo shi da shekarar da aka rubuta shi.

Shi kuwa mutumin Ka'oje, makinsa ya riga ya shiga rajista, ban iya gyara shi ba. Da ya zo aji huɗu na ba shi shawara ya yi kundinsa a kan bikin nan na yayarsa, ya koma gida ya zauna da gwaggonnin da suka haye iyaka, ya rubuta sunan kowane zane da abin da aka biya, da naira da sefa. A babi na uku ya kawo cewa rigar, wadda aka karɓo daga wata mai ɗinki a Birnin Kabi, kwana biyu ta yi a gidan, kuma amarya uku suka sa ta a wannan kaka. Saniyar sadaki kuwa, a lokacin da yake rubutu, ta haihu sau biyu.